Maki 11 ko maki 13: wane hannu za ka fi so a raba maka?

Ɗalibar Leeds: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu masu wasan karta na birij. A ajin koyo an ce mana as maki 4 ne, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, kuma kada mutum ya buɗe tayi, wato ya fara kira a gwanjon da ake yi kafin a buga karta, sai yana da 12 zuwa sama. To ga hannu biyu.

Na ɗaya: ♠ A K 10 9 4 ♥ A 10 8 3 ♦ 7 5 2 ♣ 6
Na biyu: ♠ Q J 4 ♥ K J 3 ♦ Q J 5 2 ♣ Q J 6

Na ɗaya 11 ne, na biyu 13. Ke nan in yi fas da na ɗaya, in buɗe da na biyu. Amma wata tsohuwa da muke wasa da ita a kulob ta ce ita in an ba ta zaɓi na ɗayan za ta ɗauka, ba za ta ma sake kallon na biyun ba. Na nemi bayani ta ce sai na sha kaye zan gane. Wa ke da gaskiya, malamin aji ko tsohuwa?

Kawu na Chicago: Wa alaikumus salam 'yata. Ki riƙe abin da malaminki ya ce tukuna. Wannan lissafi na 4, 3, 2, 1 ba jiya aka fara shi ba. Milton Work ne ya yaɗa shi a shekarun 1920, sannan Charles Goren ya zo daga ƙarshen shekarun 1940 ya shigar da shi kowane gida a Amurka. Maki 40 ne a karta gaba ɗaya, 10 a kowane dangi, matsakaicin hannu yana da 10. In ke da abokin wasanki kun haɗa 25 ko 26 ku nemi gem, wato tayi mai lada irin 3NT, 4♥ ko 4♠, in 33 ƙaramin silam, alkawarin cin zagaye 12 cikin 13, in 37 babba, duka 13. Amfaninsa ba wai ya fi kowane lissafi daidai ba ne. Amfaninsa shi ne kowa ya san shi. Kin zauna da mutumin da ba ki taɓa gani ba a intanet, kin ce 1♠, ya san kina da 12 zuwa sama, ya ɗora nasa a kai. Ranar da kika fara buɗewa da 11 saboda hannun ya yi miki kyau a ido, kin fara yi masa magana da yaren da bai iya ba.

Hajiya Mai Silam: Yaya, da girmanka da komai, amma ba ka amsa tambayar yarinyar ba. Cewa ta yi wanne ya fi ƙarfi. Na ɗaya ya fi, nesa ba kusa ba. Ƙanwata, ajiye maki ki ƙirga abin da zai ci yanzu-yanzu ba tare da an jira kowa ba. A hannu na ɗaya A K na ♠ ci biyu ne, as na ♥ ci ɗaya, uku ke nan a aljihu. A na biyu fa? Sarkin ♥ kaɗai, shi ma rabin ci ne, don sai as ya faɗo a gefen da ya dace. Sauran Q J ɗin nan guda uku, kowanne sai an fitar da as da sarki kafin ya yi numfashi. Kafin ki gama fitar da su abokan hamayya sun kwashe nasu sun tafi. Tun zamanin Ely Culbertson a shekarun 1930 ake auna hannu da irin wannan ci na nan take, kafin maki su zo su mamaye fage, kuma har yau manyan 'yan wasa ba sa son buɗe tayi da ƙasa da ci biyu irin wannan.

Injiniya: Bari in sa baki da alƙalami. Matsalar 4, 3, 2, 1 sananniya ce: yana rage wa as daraja, yana ƙara wa sarauniya da jak, musamman in za a buga da dangin mulki, wanda kartarsa ke doke ta sauran dangi, ba NT ba, wato wasan da babu dangin mulki. Shi ya sa wasu ke amfani da as 4½, sarki 3, sarauniya 1½, jak ¾, goma ¼. Ku haɗa za ku ga har yanzu 10 ne a kowane dangi, jimla ba ta canza ba. Da wannan awo hannu na ɗaya ya zama 12½: as biyu 9, sarki 3, goma biyu ½. Na biyu ya sauko 10½: sarki 3, sarauniya uku 4½, jak huɗu 3. Kun ga sun yi musayar wuri. Kuma ba sabon tunani ba ne. Ƙungiyar nan ta Amurka da ake kira Four Aces a shekarun 1930 tana ƙirga 3, 2, 1, ½, wanda in ka ninka sau biyu ya zama 6, 4, 2, 1, as ya ninka sarauniya sau uku ke nan maimakon sau biyu.

Kawu na Chicago: Injiniya, yarinyar da ta fara wasa bana za ka ce ta zauna a tebur tana haɗa uku bisa huɗu da ɗaya bisa huɗu, mutum uku na jiranta? Kai ma ka san ba haka kake yi ba.

Injiniya: Ba na haɗa su a tebur, Kawu. In na ga as sun fi sarauniyoyi yawa a hannuna sai in ƙara maki ɗaya, in na ga babu as ko ɗaya sai in rage ɗaya. Goren naka ma ya ce a rage ɗaya ga hannun da babu as, a ƙara ɗaya ga mai as huɗu. Mutane ne suka haddace 4, 3, 2, 1 suka bar sauran karatun.

Ɗalibar Leeds: Wani ya ambata min ƙa'idar 20. Ita ba za ta raba gardamar ba?

Hajiya Mai Silam: Gwada ki gani. Ƙa'idar ta Marty Bergen ce: ki haɗa makinki da tsawon dangi biyu mafi tsawo a hannunki, in ya kai 20 ki buɗe. Na ɗaya 11 da 5 da 4, ya ba da 20. Na biyu 13 da 4 da 3, shi ma 20. Ta ce ki buɗe duka biyun, amma ba ta gaya miki wanne ne hatsi wanne ne ƙaiƙayi ba. Mudu ɗaya ne ya auna su.

Ɗan Maraɗi a Lyon: Salamu alaikum jama'a, na iske zance ya yi nisa. Mu nan Faransa ba mu ƙirga hannu sau guda. Da hwarko kana ƙirga manyan karta, sannan ka ƙara maki guda ga karta ta biyar cikin dangi mai kyau, guda ga ta shida. Wannan kahin abokinka ya yi magana ke nan. In kunka gano kuna da karta takwas ko fiye cikin dangi guda, sai ka sake lissahi: dangin da ba ka da ko guda 3, tilo 2, mai karta biyu 1, kuma karta ta tara cikin dangin mulki ana ba ta 2. Da wanga sabon lissahi 27 muke nema don 4♥ ko 4♠, amma 3NT 25 ya isa. To ƙanwata, hannunki na ɗaya 12 ne tun kahin kowa ya buɗe baki, saboda ♠ biyar. In abokinki ya nuna ♠ huɗu, tilon ♣ ya kawo 2, ta tara ta kawo 2, hannun ya kai 16. Na biyun kuwa 13 ya shigo, 13 zai hita, ba abin da abokinki zai ce da zai ƙara mishi komi, don 4-3-3-3 ne, ba inda za ki sare, wato ki ci da kartar mulki don dangin ya ƙare miki.

Injiniya: Wannan 3, 2, 1 na gajeren dangi ma daga littattafan Goren ya bazu, amma wani masanin lissafin inshora ɗan Kanada, William Anderson, ne ya tsara shi.

Hajiya Mai Silam: Bari mu daina magana a iska, mu ba yarinyar abokin wasa. Ga hannu guda, mu ɗora shi a gaban kowanne:

♠ 8 7 6 3 ♥ 9 2 ♦ A K 4 ♣ A 9 7 5

Maki 11. Da hannu na ɗaya sun haɗa 22, wato a lissafin aji ko kusa da gem ba su je ba. To buga 4♠ mu gani. ♣ babu asara, as na tebur, wato hannun abokinki da aka shimfiɗa, ya rufe tilon. ♦ asara ɗaya. ♥ ki bar musu zagayen farko, daga baya ki ci da as, sauran biyun ki sare su da ƙananan ♠ na tebur. ♠ ɗin kuna da tara, huɗu ne a waje, Q J 5 2. In sun rabu biyu da biyu babu asara, kin ci 11. In uku da ɗaya ne, ki buga A K ki bar mai babbar ya riƙe abarsa, ya ci ta duk lokacin da ya ga dama, kin ci 10. Gem ke nan da maki 22.

Yanzu ɗora shi a kan na biyu. Maki 24, sun fi na farko da biyu. Ina za su? ♠ bakwai ne kawai, babu as babu sarki. Sai 3NT. Ƙirga: ♦ huɗu, as na ♣ biyar. Za a fito miki da ♥, don takwas ne a hannunsu, ki ci ɗaya, shida. Ki tura sarauniyar ♣, in sarki yana hannun dama ya ci, ya dawo da ♥ ta cikin abin da ya rage miki, su zuba miki su kamar ruwan Agusta. Bakwai ne a bayyane, ta takwas da gumi, ta tara sai addu'a.

Kawu na Chicago: Hajiya, ke kika zaɓi abokin wasan, dole ya yi miki daɗi. Bari ni ma in zaɓa:

♠ 5 ♥ J 4 ♦ Q J 6 3 ♣ A K J 7 5 2

Maki 12. 'Yata ta buɗe 1♠ da hannunta mai 11, wannan bawan Allah ya ji an buɗe, yana da 12 da ♣ shida masu kyau, me zai yi? Zai ce 2♣, ta ce 2♥, ya ga ♦ a hannunsa ya ce 3NT. To ƙirga min. A K na ♠, as na ♥, A K na ♣. Biyar. ♣ ɗin da yake taƙama da su suna kallon karta ɗaya tak a tebur, shida na waje, sai sun rabu uku da uku kuma sarauniya ta zauna a gefen da ake so, abin da bai kai sau ɗaya cikin biyar ba. Tilon nan da kuke ba maki 2 ya zama masifa. Abin da nake gudu ke nan. Siffar hannu bashi ce, ba a biyan ta sai an sami dacewa, wato karta takwas ko fiye a dangi ɗaya tsakaninki da abokinki. As da sarki kuwa kuɗi ne a hannu ko da wa ka zauna.

Hajiya Mai Silam: Ai ka faɗa da bakinka, as da sarki, ba Q J ba. Kuma laifin wannan 3NT ba na mai buɗewa ba ne. Abokin nata ya ji ta kira ♠, yana da ɗaya. Ya ji ta kira ♥, yana da biyu. Tara daga cikin kartarta 13 sun tafi inda ba shi da komai. Duk mai hankali a nan zai san 12 ɗinsa ta rame, ya ce 3♣ ko 2NT gwargwadon tsarinsu, ya bar mata ƙofar tsayawa. Mutumin da ya ƙirga 12 lokacin da aka raba, ya riƙe 12 ɗin nan har ƙarshen gwanjo kamar bai ji abin da aka ce a tebur ba, shi ne ya kai su rami.

Sabon Shiga: Ku yi haƙuri, ni ina karantawa ne kawai. Wannan duk ba caca ba ce?

Mai Kula da Zaure: Malam, a gasar da 'yan zauren nan ke bugawa babu kuɗi a tebur. Hannu ɗaya ake rabawa a kowane tebur, a kwatanta abin da kuka ci da abin da wasu suka ci da karta iri ɗaya, don haka samun karta mai kyau ba ya ba ka komai. In kana son a tattauna wannan, buɗe masa zare daban. A ci gaba.

Ɗan Maraɗi a Lyon: Ba wanda ya ambaci ƙidayar asara, kuma ku na Ingila ku kunka hi kowa son ta. Ƙanwata za ta gamu da ita ko ba jima.

Ɗalibar Leeds: Na ji tsofaffin kulob suna cewa "asara bakwai gare ni". Ban san me suke ƙirgawa ba.

Injiniya: Ga yadda take. A kowane dangi karta uku na sama kawai ake dubawa, duk wadda ba as, sarki ko sarauniya ba ce, asara ce. Dangi mai karta biyu asararsa ba ta wuce biyu, tilo ba ya wuce ɗaya. Hannun buɗewa na yau da kullum yana da bakwai. In kun sami dacewa, ki haɗa asararki da ta abokinki ki cire daga 24, abin da ya rage shi ne cin da ake sa rai. Wani Ba'amurke, Dudley Courtenay, ya fito da ita a 1934, Maurice Harrison-Gray ya yaɗa ta a Ingila. Hannunki na ɗaya: ♠ ɗaya, ♥ biyu, ♦ uku, ♣ ɗaya, bakwai cif, hannun buɗewa. Na biyu biyu-biyu a kowane dangi, takwas. Ita ma ta goyi bayan tsohuwa. Amma ki yi hattara da ita. Ɗauki abokin wasan da Hajiya ta kawo, asararsa takwas. Bakwai da takwas 15, a cire daga 24 saura tara. Ta ce ci tara, alhali mun ga 10 ko 11 ne. Dalili, a wurinta A 3 2 da Q 3 2 duk asara biyu ne, wanda ko yaro ya san ba haka ba ne. As huɗu ne a hannayen nan biyu babu sarauniya ko ɗaya, shi ya sa ta gaza. Masu amfani da ita da kyau suna rage rabin asara ga kowane as da ya ɗara yawan sarauniyoyi, su ƙara rabi in sarauniyoyi ne suka fi yawa.

Kawu na Chicago: Kun gani ko? Kowane sabon awo sai an yi masa faci. Gara facin da na sani.

Hajiya Mai Silam: Yaya, ni ba awo nake sayarwa ba. Abin da nake so ƙanwata ta ji shi ne ba yawan manyan karta ba, ina suke zaune. Bari in kawo misalin da ya fi kowanne fito da abin fili. Kin buɗe 1♠, abokinki ya yi tsalle ya ce 4♣. A tsarin da yawancin mutane ke bi yanzu, ma'anarsa yana da ♠ huɗu ko fiye, ƙarfin gem, da tilo ko babu a ♣. A ce hannunsa:

♠ K J 7 3 ♥ A 8 5 2 ♦ K 9 7 4 ♣ 5

Ke kuma ɗaya daga cikin biyun nan, kowanne maki 15, siffa ɗaya:

Na farko: ♠ A Q 8 6 4 ♥ K Q 3 ♦ A 5 ♣ 8 6 2
Na biyu: ♠ A Q 8 6 4 ♥ 7 6 3 ♦ A 5 ♣ K Q 2

Da na farko ♠ biyar, ♥ uku, ♦ biyu, ki sare ♣ biyu a tebur, 12. Silam da maki 26. Me ya faru? A K Q J na ♣, maki 10 cur, suna hannun abokan hamayya, amma ci ɗaya kawai za su yi da su. Wasan ya koma na maki 30, ku kuna da 26 a ciki. Da na biyu kuwa, a fito miki da ♥, ki ci da as, ki taɓa ♣ su karɓa da as, su kwashe ♥ biyu. Goma, ba ƙari. K Q ɗin da kika ƙirga 5 suna gaban tilo, aikin da ƙaramar ♠ ta tebur za ta yi kyauta shi suke yi. Mai ƙananan ♣ uku ya ji 4♣ ya yi murna ya nemi silam, mai K Q 2 ya ce 4♠ ya yi shiru. Wanda bai san wannan ba zai ga kamar an juya duniya, wai rashin manyan karta ne abin murna.

Ɗalibar Leeds: Anti wannan ya shige ni. To tayin abokan hamayya fa, shi ma yana canza lissafi?

Hajiya Mai Silam: Sosai ma. Kina da K 5 na ♥. In na damanki ne ya kira ♥, as ɗin yana wajensa galibi, kuma kina bugawa bayansa, sarkinki ya kusa zama cikakken ci. In na hagunki ne ya kira, sarkin yana ƙarƙashin wuƙa, maki 3 ɗin nan ki ɗauke su kamar 1. Haka Q 7 2 a dangin abokinki zinariya ce, Q 7 2 a dangin da suka kira suka goyi bayan juna kuwa, ki manta da ita.

Ɗan Maraɗi a Lyon: In gwanjo ya zama na ja-in-ja, kowane ɓangare na da kusan 20, maki ba su da sauran magana, tsawon mulki ke magana. Wani Bafaranshe, Jean-René Vernes, ya bi hannayen gasar duniya ya lura da cewa in ka haɗa yawan kartar mulkinmu da yawan nasu, yana zuwa kusan daidai da jimlar cin da mu da su za mu iya yi, kowa cikin danginshi. An buga bayanin da Ingilishi a 1969, sannan Larry Cohen ya maishe shi abin kowa a 1992. Abin da ɗan wasa ke ɗauka ciki mai sauƙi ne: kuna da takwas, ku tsaya a mataki na biyu, tara, ku je na uku, goma, na huɗu. Abokinki ya buɗe 1♠ mai alkawarin biyar, kina da ♠ biyar da tilo da maki 4 kacal, ki ce 4♠ kai tsaye. In ta ci, madalla. In ta hwaɗi, galibi abin da sunka samu bai kai abin da za su ci da ♥ ɗinsu ba. Amma a dubi launin allo, in kuna ja, wato lokacin da ladarku da tararku sunka hi girma, su ba su ja, dobul, kiran da ke ƙara tara, na da zahi.

Kawu na Chicago: Wannan dokar ma ta sha suka, ɗana. Sau da yawa tana kuskure da ci ɗaya sama ko ƙasa, kuma ci ɗayan nan shi ne wasan gaba ɗaya. In kana da Q J a danginsu, jimlar tana raguwa.

Ɗan Maraɗi a Lyon: Gaskiya ne Kawu, Q J cikin danginsu na cin zagaye in suna bugawa, ba ya cin komi in mu ke bugawa. Mun koma ga maganar Hajiya ke nan.

Injiniya: Akwai abin da ba a taɓo ba, irin gasar. Hannu ɗaya, hukunci biyu. A wasan ƙungiya da ake lissafi da IMP, wato makin da ake bayarwa gwargwadon bambancin sakamakon tebur biyu, in kuna ja, 4♠ da ta ci 620 ce, wanda ya tsaya a 3♠ ya ci goma yana da 170. Bambanci 450, IMP 10. In ta faɗi da ɗaya kun ba da 100, shi yana da 140, bambanci 240, IMP 6. Kana sa 6 don ka ci 10, ke nan gem ɗin da zai ci sau 38 cikin 100 ya isa a kira shi. In ba ku ja, 6 ne a kan 5, sai ya kai kusan 45. A gasar bibbiyu kuwa, inda ake duba mutum nawa ka ɗara ba da nawa ka ɗara su ba, sai ya kai rabi. Don haka hannun da zan gayyata da shi ranar Talata a kulob, ranar gasar ƙungiya ina ja gem zan tafi kai tsaye.

Ɗalibar Leeds: Mu a nan tsarin tayi na Acol ake koya mana, 1NT 12 zuwa 14. In na bi maganarku na ƙara wa hannu maki ko na rage, ba yaudarar abokan hamayya ba ce? Abokina yana sanar da 12 zuwa 14 da baki duk lokacin da na buɗe.

Hajiya Mai Silam: Hukunci naki ne, ba wanda ya hana ki kallon 14 mai dangi biyar da goma-goma ki ce ya fi ƙarfin 1NT ɗinku, ko ki kalli 12 maras as mai 4-3-3-3 ki yi fas. Abin da aka hana shi ne abokinki ya san ɗabi'arki su ba su sani ba. In ya zama kullum kuna yi, ku rubuta a katin tsarinku, in an tambaya ku faɗa.

Kawu na Chicago: A nan dai na yarda da Hajiya ba gyara. Kuma a NT, in hannu biyu duk shimfiɗaɗɗu ne, ku bar min 4, 3, 2, 1 ɗina, don dama can don NT aka fara yin sa, kuma a nan ba ya ba da kunya sosai. Abu ɗaya zan ƙara wa 'yata game da 33 da 37, don a aji ba sa faɗin dalili. In kuna da 33, na waje 7 ne, as biyu kuwa 8 ne, ke nan ba zai yiwu a ce as biyu sun ɓace muku ba. In kuna da 37, na waje 3 ne, ko as ɗaya ba ya waje.

Injiniya: Amma 7 ɗin na iya zama as da sarki na dangi ɗaya, Kawu. A fito da su a jere, 6NT ta mutu kafin ka taɓa karta.

Kawu na Chicago: Na iya zama, amma sai sun taru a dangi ɗaya, kuma galibi sai suna hannun mai fitowa ko ya lalubo dangin da sa'a. Wannan kasadar na saye ta. Inda ba na yarda shi ne silam irin na Hajiya mai maki 26. A can 33 ɗin ba ta kare ka, don an haɗa da tilo da tsawo, as biyu na iya zama a waje lafiya lau. Kafin ka ce shida sai ka tambayi yawan as ɗin abokinka da 4NT, abin da Easley Blackwood ya ƙirƙiro tun 1933.

Hajiya Mai Silam: Da sharaɗi, Yaya. Mai ƙananan karta biyu a dangin da ba wanda ya nuna iko a kai kada ya tambayi as, don in aka ce masa ɗaya ya ɓace bai san ko ci ɗaya za a yi masa a nan ko biyu ba. A hannun da na kawo 4NT daidai ne, tunda ♣ tilo ne a tebur, ♦ akwai as, ♥ akwai K Q. Da ♥ ɗin 6 3 ne kawai, 4♦ zan ce in nuna as ɗina, in jira in ji ko zai ce 4♥.